Da Kunnuwan Gwaggo Suka Tafi Gyara

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tun ina ƙarama a wuri ɗaya na san ta: bayan dogon tebur na wani kantin magani da ke bakin titi, tsakanin shagon mai faci da gidan burodi. Ba ita ce mai kantin ba, ba ta kuma da wata babbar takarda. Kwas ta yi tun tana budurwa, sauran kuwa tsayuwa ce ta koya mata. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta cika dariya ba, amma idan ta miƙo maka leda ta ce, "Safe da yamma, bayan ka ci abinci," sai ka ji kamar ka fara samun sauƙi tun a nan. Mai kantin yakan leƙo da safe ya wuce wani reshen nasa, Gwaggo ce ke wuni da jama'a. Ta san tsohon da ke ɓoye wa 'ya'yansa ciwon suga, ta san matar da za ta ce maganin na maƙwabciyarta ne alhali nata ne.

Wani zazzaɓi mai zafi ne ya taɓa mata ji. Bai tafi da shi lokaci ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ya riƙa zarewa. Mijinta, wanda muke kira Baba Direba saboda shekarun da ya yi yana jan motar ma'aikata, shi ya fara lura.

"Na ce a ba ni ruwa, an kawo mini riga," ya ce wa mahaifina. "Gobe in na ce a ba ni haƙuri, ban san me za a kawo ba."

Kowa ya yi dariya, ban da ita. A kanti ta koyi karanta leɓe, ta koyi juya kunnen dama wajen mai magana kamar tana neman wani abu a kan shiryayye. Da abin ya ƙi ɓoyuwa a gida, ɗanta da ke aiki a wani gari, Yaya Babba, ya kai ta wajen mai gwajin ji a asibiti. Aka ce sai ta sa na'urar ji, kunne biyu. Kamfanin da ke ƙera na'urar yana da wakili a garinmu, amma da Gwaggo ta ji farashinsa sai ta miƙe ta gyara mayafi ta ce a tafi gida. Yaya Babba ne ya binciko wani kanti a ƙasar waje, a intanet, da ke sayar da irinta sak a kan kuɗin da bai kai rabi ba. Aka tura musu takardar gwajin, suka saita na'urar daidai da kunnenta, suka aiko da ita da garantin shekara ɗaya.

Ina nan ranar da ta fara sa su. Wasu 'yan ƙananan abubuwa ne masu launin fata, suna lafewa a bayan kunne. Idanunta suka yi yawo a ɗakin, sannan ta ce, "Wannan firijin haka yake ihu kullum, kuna zaune da shi?" Baba Direba ya sa musu suna 'yan kunnen amarya. Ita kuwa ta sauko da ɗaurin ɗankwalinta ya rufe su ruf, ta gargaɗe mu kada wanda ya kai maganar kanti.

"Wa zai karɓi magani a hannun kurma?" ta ce. "Ko ni ba zan karɓa ba."

Haka ta yi shekara guda cikin rufin asiri. Garantin ya ƙare ba wanda ya ma tuna da shi. Bayan 'yan makonni kaɗan sai na'urar hagu ta fara ƙara, wani shuu kamar rediyon da ya rasa tasha. Ta goge ta, ta bar ta a caji, ta sake gogewa. Wata safiya ta sa ta, shiru. Ta dama kuma ta ɗauki wata ɗabi'a: tana cikin aiki sai ta ɗauke, can sai ta dawo. Gwaggo ba ta gaya wa kowa ba. Ta ci gaba da zuwa kanti da guda ɗaya, gabanta na faɗuwa duk lokacin da mutum ya buɗe baki.

Ranar da abin ya fasu, kanti cike yake. Wani magidanci ya shigo da hular kwano a hannu, yana magana da sauri yana duban babur ɗinsa a waje. Gwaggo ta ji "matata", ta ji "baya da ƙafafu", sai na'urar ta ɗauke. Ta ga bakinsa yana motsi amma fuskarsa na wajen titi. Ta ji kunyar ta ce ya maimaita a gaban mutane, ta ɗauko maganin ciwon jiki mai ƙarfi ta ba shi, ya biya ya juya. Daidai nan na'urar ta dawo, sai muryar wata mata da ke jiran layi ta faɗo mata a kunne.

"Allah ya raba lafiya, malam."

"Me kika ce?" Gwaggo ta tambaye ta.

"Addu'a na yi masa. Ba cewa ya yi watan haihuwarta ya kama ba?"

Gwaggo ta ce ba ta san yadda ta zagayo teburin ba. Maganin da ta bayar ba a ba mai tsohon ciki shi. Ta fita da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, ta cimma mutumin ya riga ya tayar da babur. Ta riƙe masa hannu ta fizge ledar, har ya zaci ko kuɗinsa ne bai cika ba. Ta ce ya kai matar asibiti a duba ta, kada ya ba ta komai. Ta dawo ta mayar masa da kuɗinsa, ta wuce ɗakin ajiya ta zauna a kan kwali.

Da yamma ta aiko a kira ni. Ni ce mai rubuta mata saƙonni a waya, shi ya sa take ce mini Sakatariya. Na same ta a tsakar gida, na'urorin biyu a tafin hannunta.

"Sakatariya, yau na kusa kashe rai biyu," ta ce. "Ki rubuta wa mutanen nan."

Na rubuta wa kantin da ya sayar mana. Amsar farko na'ura ce ta turo, tana gode mana da muka tuntuɓe su. Ta biyu wani ma'aikaci ne, cikin ladabi mai sanyi: suna baƙin ciki ƙwarai, amma garanti ya ƙare, mu nemi kamfanin da ya ƙera. Kamfanin ya ce mu je wajen wakilinsu na ƙasarmu. Muka shirya muka je. Ofis ne mai sanyin na'ura da kujeru masu laushi, ga hoton wata tsohuwa a bango tana dariya da jikokinta. Mutumin da ke wurin ya duba lambar da ke jikin na'urar, ya shigar a kwamfuta, ya turo mana ita da ɗan yatsa.

"Hajiya, wannan ba ta hannunmu ta shigo ba. Ta kasuwar wata ƙasa ce. Ko buɗe ta ba ni da izinin yi."

"Me ya ce?" Gwaggo ta tambaye ni.

Na matso kunnenta na dama na maimaita.

"Ki ce masa zan biya kuɗin gyaran."

"Ba maganar kuɗi ba ce," ya ce. "In kuna so, ga sabuwa."

Muka biya ta kasuwa wajen wani mai gyaran waya da ake yabo. Ya jujjuya na'urar a ƙarƙashin fitila, ya ce a manne take, in ya fasa ba lallai ta koma ba, shi kuma ba ya son alhakin kunnen uwar wani. Muka shiga mota. Da muka kusa gida Gwaggo ta ce, "Wanda ya sayar yana bayan teku, wanda ya ƙera ya ce bai san ni ba. To ni wa zan kama?"

A kwanakin nan ta rame. Tana zuwa kanti, amma duk wanda ya zo sai ta sa shi ya faɗi abin da yake so sau biyu, wasu har suna tsaki. Abinci ba ta ci sosai. Yaya Babba yana ta kira yana cewa zai ciwo bashi ya sayi sabuwa, ita kuma ta rantse in ya yi ba za ta sa ba, ga matarsa da goyo ga haya a kansa.

Wata abokiyar aikina ce ta ce mu gwada ofishin kare haƙƙin masu saye. Ban ma san da shi ba. Yana hawa na biyu a wani tsohon gini, fanka na juyawa a hankali, fayil-fayil a ɗaure da igiya har kan taga. Jami'ar da muka samu mace ce mai tabarau, da alama ta gaji, amma ta saurare mu har ƙarshe. Da ta gane matsalar Gwaggo sai ta jawo kujerarta ta zauna daidai gabanta, tana magana a hankali yadda za a ga bakinta.

"Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Da a garin nan kika saya, da yau na aika musu sammaci. Amma wanda ke wata ƙasa, hannuna bai kai can ba."

Gwaggo ta fara tattara jakarta.

"Tsaya, ban gama ba. Garanti alkawarin kamfani ne. Ƙarewarsa ba ita ce ƙarewar haƙƙinki ba. Akwai ƙasashen da dokarsu ta ce kaya mai tsada dole ya yi ƙarko gwargwado, in ya mutu da wuri saboda aibin da ya zo da shi, mai sayarwa ne zai ɗauka. Ban sani ba ko tasu haka take, ban kuma sani ba ko ta shafi mai saye daga waje. Amma ku tambaye su a rubuce. Ku daina roƙo, ku yi tambaya."

Ta ce mu samo shaida daga mai gwajin ji cewa na'urar ba ta faɗa ruwa ba, ba a kuma fasa ta ba. Ta ce in duba ko akwai wasu masu kuka da irin wannan matsala, in kuma nemo hukumar da ke karɓar ƙorafin masu saye a can ƙasar, in ambace ta a saƙon. Ta karɓi adireshin wakilin nan na gari ta ajiye, ta ce shi kam zai ji daga gare ta.

Na yi duk abin da ta ce. Na kuwa tarar da mutane da dama a intanet suna faɗin abu ɗaya: ƙara kamar rediyo, sannan shiru. Na haɗa komai na tura. Aka yi kwanaki ba amsa. Kullum da safe kafin ta tafi kanti sai Gwaggo ta kira ni, ba ta jin abin da nake cewa sosai, sai dai ta ce, "Sun yi magana?" ni kuma in ɗaga murya in ce, "Tukuna!"

Da amsar ta zo, ban san ko murna zan yi ba. Sun yarda su duba, don kyautatawa kawai, in ji su, ba don sun amsa laifi ba. Sharaɗin shi ne a aika duka biyun da abin cajinsu, mu za mu biya kuɗin aikawa, kuma in suka ga alamar ruwa ko gumi ya shiga, ba gyara, dawo da su ma sai mun biya.

"Har ta daman?" Gwaggo ta dafe kunnenta.

"Har ita, Gwaggo. Sun ce tare ake saita su."

"Su dawo yaushe?"

"Ba su faɗa ba."

Baba Direba ya ce abin mai sauƙi ne, ta ce wa mai kanti bayanta ke ciwo, ta ɗauki hutu har kaya su dawo. Ta dube shi.

"Hutun da ba a san ranar ƙarewarsa ba? In sun ɓata a hanya fa? In ci gaba da ciwon bayan har in mutu?"

Washegari ta sa na raka ta kanti tun kafin a buɗe. Mai kantin yana tsaye yana duba wasu kwalaye. Ta zame ɗankwalinta baya, ta ciro na'urar ta ajiye a kan tebur, ta faɗa masa komai, har da maganar mai babur. Ban taɓa ganin Gwaggo tana magana kanta a ƙasa ba sai ranar.

Bai yi tausayin da na zata ba. Ransa ya ɓaci sosai.

"Shekara guda da wani abu, Anti? Da matar nan ta sha, lasisin wa za a karɓe? Wa za a ɗaure?" Ya zagaya ya dawo. "Da kin faɗa mini tun farko, ai da mun san yadda muka yi."

Na matsa zan maimaita mata, ta ɗaga mini hannu. Ta gani a fuskarsa.

Bai kore ta ba. Ya mayar da ita ɗakin ajiya, ta riƙa karɓar kaya tana duba ranar lalacewar magunguna, ya ɗauko wata ma'aikaciya daga ɗaya reshen ya sa a tebur. A ranar muka naɗe na'urorin cikin auduga muka kai kamfanin aika kaya. Da ma'aikacin ya manne kwalin ya jefa shi cikin buhu tare da sauran, Gwaggo ta ce masa, "A hankali, ɗana, kunnuwana ne a ciki."

Zaman jiran nan shi ya fi komai wuya. Ɗakin ajiyar ba taga, sai kwan fitila ɗaya da warin kwali. Ta ƙofa takan hango tsofaffin masu sayenta suna leƙe suna tambaya, sabuwar ma'aikaciyar na nuna musu ciki da baki. Wasu su ɗago mata hannu, ita ma ta ɗaga. Titi ya zama abin tsoro, don sau ɗaya mai keke ya kusa kwashe ta, yana ta ƙararrawa ba ta ji ba. Daga nan Baba Direba ya riƙa raka ta safe da yamma, yana riƙe da gefen mayafinta in za su tsallaka, yana cewa ya koma aikin tuƙi ba albashi. A gida ta daina zama cikin hira. In an yi dariya sai ta duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ko da ita ake.

Ni kuma ina fama da lambar bibiyar kaya. Kwalin ya isa wata tashar jirgi ya tsaya cak, kullum rubutu ɗaya. Na fara tsara yadda zan gaya mata ya ɓace. Duk ranar da na je gidan takan karɓi wayata ta ƙura wa rubutun ido, ko da yake ba ta karanta Turanci, ta ce, "Jiya ma haka layin yake." Sai da ya motsa na samu na ci abinci da daɗi.

Daga ƙarshe suka rubuto. Ba su ce aibin daga wajensu yake ba, ba su kuma ce daga wajenmu ba. Sun canza ta hagu da wata da aka taɓa gyarawa, sun gyara ta dama, sun ba da garantin 'yan watanni. Kwalin da suka aiko ya kwana a hannun kwastan sai da Yaya Babba ya biya haraji a kan kayan da an riga an biya wa haraji a zuwan farko. Gwaggo ta sa su a falo, muna zagaye da ita. Baba Direba ya sunkuyo ya ce, "Amarya, kina jina?"

"Ina jinka. Rage murya."

Mai kantin ya mayar da ita tebur, amma da safe kawai, lokacin da ba cunkoso, kuma tare da ɗaya ma'aikaciyar. Ta karɓa ba musu. Yanzu a bayan kunne take ɗaura ɗankwalinta, kowa na ganin na'urar. Duk wanda ya zo sai ta maimaita masa abin da ya faɗa kafin ta juya ga shiryayye, in kuma maganin na mace ne sai ta tambaya ko tana da ciki ko tana shayarwa, ko da an ce mata tsohuwa ce. Akwai waɗanda suka koma wajen sabuwar ma'aikaciyar. Da yawa ba su koma ba.

Jami'ar nan mai tabarau ta cika maganarta. Ban san me ta rubuta wa wakilin kamfanin ba, amma ya kira ni da kansa ya ce za su riƙa duba na'urar suna saita ta in an biya kuɗin aiki, sai dai kayan gyara ba ruwansu. Watan jiya na raka Gwaggo can. Suka sa ta a wani ɗan ɗaki mai katangar soso, aka ba ta maɓalli ta danna duk lokacin da ta ji sauti. Ina kallonta ta gilashi. Akwai lokutan da na ga mai gwajin ya murɗa abu ya jira, yatsanta bai motsa ba.

Da suka fito ya ce jin kunnen hagu ya ƙara raguwa, ya ƙara wa na'urar ƙarfi, amma ta kusa kai iyakarta. Nan gaba sai an nemi wadda ta fi ta.

Muka fito bakin titi muna jiran mota. Gwaggo ta buɗe jaka ta rufe, ta sake buɗewa.

"Kada ki gaya wa yayanki tukuna," ta ce. "Bari matarsa ta yaye."

Na ce to.

"Kuma ki tambayar mini mutumin can, cikin hikima, ko suna karɓar biya kaɗan-kaɗan. Kada ki ce ni na aike ki."

Mota ta tsaya, na riƙe mata jaka ta hau. Ta zaɓi kujerar da kunnenta na dama zai kasance wajena, muka kama hanyar gida.